Ta yaya Amurka ke ƙayyade man da mota za ta sha?

Tambaya: Malam, ni dillalin motocin tokunbo ne a Kano. Na ji an ce gwamnatin Amurka ce ke yanke wa kamfanoni yawan man da motocinsu za su sha. Ta yaya take sanin ƙarfin injin da ba a ƙera ba tukuna?

Amsa: Haka ne, Alhaji. An kafa dokar a 1975, bayan Larabawa sun hana Amurka mai a 1973. Ba mota ɗaya ake dubawa ba, matsakaicin duk abin da kamfani ya sayar a shekara ake ɗauka. A 1978 an nemi ƙananan motoci su yi mil 18 da galan ɗaya, zuwa 1985 ya kai mil 27.5, wato kusan kilomita 12 da lita guda.

Hukumar NHTSA, mai kula da kiyaye haɗurra a titunan Amurka, ita ce ke sa adadin, kuma da kwamfuta take yi. Cibiyar Volpe da ke jihar Massachusetts ta gina manhajar da ake zuba wa bayanan motocin da ke kasuwa. Sai manhajar ta yi ta ƙara wa motocin fasaha a lissafi, ɗaya bayan ɗaya, tana farawa da wadda ta fi biyan kuɗinta: ƙaramin inji mai turbo, giya mai hawa takwas, rage nauyin bodi, haɗa batir da fetur. Cibiyar bincike ta Argonne ce ke kwaikwayon yawan man da kowace za ta rage.

Rigimar tana cikin zato. Nawa fetur zai kai nan da shekara goma? In tuƙi ya yi araha, mutane za su ƙara yawo, sai wani ɓangare na man da aka yi tsiminsa ya koma titi. Gwamnatin Obama ta sa wannan a kashi 10 cikin 100, ta Trump ta mai da shi 20 a 2020. A lissafin 2020 ɗin, ƙarin tsimin da ake nema duk shekara ya sauko daga kusan kashi 5 zuwa 1.5. A ganina, wanda ya zaɓi zaton shi ya rubuta rabin amsar.

Kada kuma ka yi wa mai saye alkawari da adadin dokar. A kan na'ura ake gwajinsa cikin ɗaki, ba tare da kunna AC ba, balle cunkoson Ƙofar Ruwa da zafin watan Afrilu.