Duniyar da na ƙera da kaina, ko wadda aka buga a littafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu biyar ne muke haɗuwa duk daren Asabar muna wasan Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowa ke ɗaukar gwarzo ɗaya a cikin ƙagaggen labari, kuma ni aka ɗora wa jan ragamar labarin. Mun gama ɗan gajeren labarin da ya zo a akwatin masu koyo, yanzu muna son doguwar tafiya ta watanni. Biyu daga cikin abokaina sun ce in ɗauki Forgotten Realms, duniyar wasan da aka buga a littattafai, tunda komai a rubuce yake, ni kuwa raina ya fi kwanciya da in ƙirƙiro tawa duniyar. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka fara sanin cewa duniyoyin nan da ake sayarwa, da yawansu a ɗakin wani suka fara. Kafin a buga wasan a 1974, Dave Arneson, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro shi, yana jan abokansa a tasa duniyar mai suna Blackmoor a jihar Minnesota ta Amurka, ɗayan kuma, Gary Gygax, yana da Greyhawk, wadda 'ya'yansa biyu suna cikin waɗanda suka fara shiga. Forgotten Realms ɗin da abokanka ke so, Ed Greenwood ɗan ƙasar Kanada ya soma rubuta ta tun yana yaro a shekarun 1960, sai a 1987 kamfanin TSR mai buga wasan a lokacin ya fitar da ita a akwati. Ko Exandria, duniyar sanannen mai jan wasa Matthew Mercer, wasan gida ce kafin a fara haska ta a intanet a 2015. Saboda haka kada wani ya sa ka ji kamar taka ba ta kai ba.

Abin tambaya shi ne, awa nawa kake da shi tsakanin Asabar da Asabar, kuma a me kake son kashe su: karatu ko ƙirƙira?

Wadda aka buga tana ba ka taswira, sunayen garuruwa, sarakuna, ƙungiyoyin ɓarayi da na 'yan kasuwa, har da shiryayyun labarai da za ka buɗe ka ja. In ɗan wasa ya ce zai je Waterdeep, babban birni a Forgotten Realms, ba sai ka tsaya susar kai ba. Amma ba kyauta ba ce. Kusan shekara 40 ke nan ana tara littattafai a kan Forgotten Realms, ga ƙagaggun labarai, ga wasannin kwamfuta irin su Baldur's Gate 3 na 2023. Nan ne ƙaya take. Wata rana za ka ce sarkin gari kaza mutumin kirki ne, sai wani a teburin ya ɗaga hannu ya ce ai ba haka yake a littafi ba. In abokan nan naka biyu sun fi ka sanin duniyar, kai da ya kamata ka riƙe linzami sai ka koma ɗalibinsu. Kuma kamfani yana iya juya ta yadda ya ga dama: a 2008, da bugu na huɗu na wasan ya fito, an tura tarihinta gaba da kusan shekara 100, aka sauya taswira, mutane da yawa da 'yan wasa suka saba da su suka zama tarihi.

Taka kuwa babu mai gyara maka zance. Kana iya gina birni mai ganuwa da ƙofofi, da marina, da ayarin fatake, da dodo a rijiya, abin da ba ka cika samu ba a littattafan da akasarinsu Turai ta zamanin da suke kwaikwayo. In kuma tarin allolin Forgotten Realms bai kwanta wa teburinku ba, a taka kai ke yanke abin da zai shiga.

Sai dai akwai ramin da kusan kowa ke faɗawa, ni ma ban tsira ba. Na taɓa cika littafin rubutu guda da jerin sarakuna da yaƙe-yaƙen shekara dubu uku. Ranar wasa babu wanda ya tambaye ni ko ɗaya. Abin da suka tambaya shi ne sunan mai masaukin baƙi, da kuɗin doki, da dalilin da ya sa mai gadin ƙofa yake ɗingishi. Ba ni da amsar ko guda. Arneson da Gygax ba da nahiya suka fara ba: gidan sarauta ɗaya ne da ramukan da ke ƙarƙashinsa, sauran ya yi ta tsirowa a duk inda 'yan wasa suka sa ƙafa. Taswirar Greyhawk da aka sayar sai 1980 ta fito.

Tunda ranka na kan ƙirƙira, ka ƙirƙira, amma kaɗan. Gari ɗaya, mutum shida masu suna da abin da kowannensu ke nema, wurare uku masu haɗari da ba su wuce tafiyar kwana biyu ba, da rigima ɗaya da za ta ɓaci in ba a sa baki ba. Wannan zai ɗauke ku wata guda. Abin da kake sha'awa a littattafai kuma ka ɗebo, ka sauya masa suna ka dasa. Teburin gidanka ne, ba sayarwa za ka yi ba.

Abokan nan biyu kuma ka jawo su jiki. Ka ce kowannensu ya rubuto maka rabin shafi a kan garin da gwarzonsa ya fito da wanda ya bari a can yana jin haushinsa. Ka ajiye ɗan littafi kusa da kai, duk sunan da ya fito daga bakinka a tsakiyar wasa ka rubuta shi nan take, don bayan mako shida su za su tuna, kai ka manta.