Amsa ga mai jegon da kan nononta ya tsage

Ƙanwata, barka da sauka, Allah ya raya. Na ga tambayarki: haihuwar fari, kwana 12, kan nono ya tsattsage har yana jini, duk sanda yaro ya kama sai kin yi hawaye, a gida kuma an ce ki dakatar da ba shi har ki warke. Kina neman abin da za ki shafa.

'Ya'yana biyar, duka na shayar da su, kuma a na fari na sha irin wannan azabar. Don haka ki saurare ni: kafin ki nemi abin shafawa, ki fara duba yadda yaron yake kama nonon. Ni sati uku na yi ina shafe-shafe, man kaɗanya, Vaseline, duk abin da aka miƙo mini, ciwon yana nan. Sai ranar da na koma asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta ce in ba shi a gabanta. Tana gani ta ce, "Ai tsinin kawai yake tsotsa." Ta gyara mana zama, a take na ji zafin ya ragu, kafin kwana huɗu tsagar ta fara haɗewa.

Jariri ba tsinin nono ya kamata ya kama ba. Sai ya haɗa da baƙin da ya zagaye shi, yadda kan nonon zai shige can ciki inda ganɗarsa ke da taushi. In ya tsaya a baki-baki, dasashinsa ne ke murza shi, sau takwas ko goma sha biyu a rana, to ina fata za ta warke? Ki juyo shi gaba ɗaya, cikinsa ya manne da naki, hancinsa daidai kan nono. Ki jira ya wangale baki kamar mai hamma, sannan ki jawo shi gare ki, kada ke ki sunkuya masa. In kamun ya yi, haɓarsa za ta taɓa nono, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, baƙin da ya rage a sama ya fi na ƙasa yawa. In kin ji zafin bai sauka ba, ki sa ƙaramin yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ya saki, ku sake. Kada ki fizge. Idan nonon ya cika ya yi tauri, ki ɗan tatse kaɗan tukuna don ya samu wurin kamawa. Idan kuma kin gyara komai amma kan nonon yana fitowa a lotse, ki sa a duba ƙarƙashin harshensa ko yana da linzami, a asibiti ba wurin wanzami ba.

Maganar dakatar da shayarwa kuwa, ki roƙi su Mama cikin ladabi su bar ki ki ci gaba. Nonon da aka bari bai fita ba shi ne yake kumbura, ya yi ja, ya kawo zazzaɓi, wani lokaci har ya tara mugunya sai an tsaga. Ɗan jinin da yaro zai haɗiya ba ya cutar da shi, sai dai mai ɗauke da HIV ko ciwon hanta, ita kam ta tuntuɓi asibiti kafin ta ba da ɓangaren da ke jini. Ranar da zafin ya fi ƙarfinki, ki fara da ɓangaren da ya fi sauƙi, ɗayan ki tatsa da hannu a kofi mai tsabta ki ba shi da cokali na kwana ɗaya ko biyu. Farasitamol ba ya hana shayarwa.

Abin shafawa mafi kusa yana jikinki. Bayan ya gama, ki tatso ɗigo biyu ki shafe wurin, ki bar shi ya sha iska. In kina da hali akwai man lanolin a kemis. A wankan jego kada ki goga sabulu a kan nonon, ruwa ya isa, domin ƙananan ƙurajen nan da ke kan baƙin suna fitar da wani maiƙo da ke kare fatar, sabulu kuma wanke shi yake yi. Ba ciwo ba ne su, kada ki matse. Dettol, man zafi, toka, garin magani, duk ki nisanta su. Ki tuna duk abin da kika shafa a nan, bakin ɗanki zai shiga.

Ba kowane ciwon kan nono ne tsaga ba. A goyona na uku, bayan na sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, kan nonon ya koma yana sheƙi, yana zugi kamar an zuba barkono ko bayan an gama shayarwa, bakin yarinyar kuma ya yi fari-fari wanda ba ya goguwa. Ƙwayar kandida ce. Aka ba ni man shafawa, ita aka ba ta na ɗigawa a baki, tare muka yi maganin, domin in aka yi wa ɗaya aka bar ɗaya sai su yi ta mayar wa juna. Akwai kuma ƙaiƙayi da bushewa da ke kama kan nono duka biyun, musamman da hunturu. Yawanci sabulun wanki ne da bai ɗauraye daga rigar mama ba, ko turare da humra, ko rigar da ba ta auduga ba mai riƙe gumi. Ki cire abin da kike zargi, likita kuma kan ba da man hydrocortisone na 'yan kwanaki. Idan ƙuraje masu ruwa ne suka fito a tare suna zafi, kada yaro ya sha wannan ɓangaren sai an duba, don akwai irin da ke da haɗari sosai ga sabon jariri.

Ki tafi asibiti ba tare da jinkiri ba in zazzaɓi da ciwon jiki suka rufe ki, wani sashe na nonon ya yi ja da zafi bai sauka ba cikin awa 24, ko tsagar ta fara fitar da mugunya.

Akwai abu ɗaya da ba ke ya shafa ba, amma ina so iyayenmu da yayyenmu da ke karantawa su ji. Gwaggona ta haura shekara 50, ta daɗe da barin haihuwa, sai kan nononta na hagu kaɗai ya fara ɓawo da ƙaiƙayi, yana ɗan tsattsafo ruwa. Ta ɗauka ƙyasbi ne ko makero. Ta fi shekara tana sayen man shafawa, ya lafa ya dawo, kunya kuma ta hana ta nuna wa kowa. Da aka kai ta asibitin koyarwa aka yanki ɗan nama aka gwada, sai aka ce cutar Paget ce, wadda wani likitan Ingila, James Paget, ya fara bayaninta a 1874, kuma kusan kullum akwai sankarar mama a ƙarƙashinta. An cire nonon, Allah ya ba ta lafiya, amma likitan ya ce da ta zo da wuri da aikin bai kai haka wahala ba. Duk wadda ta ga ciwo a kan nono ɗaya tak, ya fara daga tsinin yana yaɗuwa zuwa baƙin, bai warke da magani ba bayan 'yan makonni, ko kan nonon ya shige ciki, ko jini na fita ba tare da shayarwa ba, ta je a gwada. In kunyar namiji ce, ta nemi likita mace.

Ke dai ƙanwata, yau da dare ki sa filo a cinyarki, ki gwada kamun nan sau biyu ko uku har ya zauna. In bayan kwana uku babu sauƙi, ki ɗauki yaron ku je wurin ma'aikaciyar jinya ki ba shi a gabanta. Allah ya ba ki lafiya, ya raya mana shi.