Tambaya da Amsa: Cakulan ɗin koren shayi da matan Japan ke yi wa masoyansu

Tambaya: Assalamu alaikum. Na biyo maigidana ƙasar Japan inda yake karatu. Tun ƙarshen Janairu nake ganin shaguna cike da cakulan, har da wani kore shar, kuma mata ne kawai ke layin saye. Mene ne asalin abin? Zan iya haɗa koren a gida in ba shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Sosai ma za ki iya, kuma a wajen mutanen Japan na gidan ya fi na kanti daraja.

A can ranar 14 ga Fabrairu, wato ranar masoya (Valentine), mace ce ke bai wa namiji kyauta, kuma cakulan ake bayarwa. 'Yan kasuwa ne suka kafa al'adar. Kamfanin Morozoff na birnin Kobe ya tallata ta a 1936, sai Mary Chocolate ya baje kayansa a kantin Isetan da ke Tokiyo a 1958, zuwa shekarun 1970 abin ya zauna daram. Kyautar kuwa iri-iri ce. Akwai giri choko, na fita kunya, wanda ake raba wa abokan aiki da shugabanni. Wannan ya ishi mata da yawa, har kamfanin Godiva ya buga talla a jarida a 2018 yana cewa a daina shi. Akwai tomo choko na ƙawaye. Sai honmei choko, na wanda zuciya ke so, kuma shi ne mata da yawa ke ɓata lokaci su haɗa da hannunsu, domin wahalar da aka sha ita ce saƙon. Namiji yana ramawa ranar 14 ga Maris, bisa al'ada da abin da ya ninka kuɗin kyautar biyu ko uku. Ki tabbata maigida ya ji wannan ɓangaren.

Koren da kika gani garin shayi ne da suke kira macca. Ana rufe bishiyar shayin daga rana na kamar mako uku zuwa huɗu kafin tsinka, a turara ganyen, a busar, a niƙa da dutsen niƙa har ya yi laushi kamar hoda. Na garin Uji kusa da Kiyoto da na Nishio sun yi suna. Kada ki daka ganyen shayin Lipton ko na buhu ki ce ya zama macca, ba za ki samu kalar ba, sai ɗaci. In za ki saya, duba launi: mai kyau kore ne shar, wanda ya soma komawa ruwan ƙasa ya tsufa.

Mafi sauƙi ga mai farawa shi ne nama choko, cakulan mai laushi da ke narkewa a baki. Ki tanadi farin cakulan giram 200, kirim na madara mai maiƙo mililita 70, bota giram 15, da macca cokalin shayi uku. Fari nake cewa, domin baƙin cakulan zai danne kalar da ƙamshin, zaƙin farin kuma shi ke kashe ɗacin shayin.

Ki yayyanka cakulan ɗin ƙanana a kwano busasshe. Ɗora kirim a wuta kaɗan, da kin ga kumfa ta fara taruwa a gefen tukunya ki sauke, kada ya tafasa. Zuba shi kan cakulan, ki bari minti ɗaya, sannan ki juya a hankali daga tsakiya, ki sa bota. Nan ne yawancin mutane ke ɓata aikin. Farin cakulan ba ya son zafin da ya wuce digiri 45 a ma'aunin Celsius. In ya wuce, mai zai fito sama, sauran ya cure. Ɗigon ruwa a busasshen cakulan da ke narkewa ma yana daskarar da shi, don haka ki goge kwano da cokali tsaf. Garin macca kuwa sai kin tankaɗe shi da rariya kafin ki zuba, in ba haka ba zai yi gudaji, wanda ya tauna ɗaya kuma ya sha ɗaci.

Shimfiɗa takardar gashi a ƙaramin faranti mai zurfi, juye haɗin, ki daidaita samansa, ya yi awa huɗu a firij. Wajen yanka, tsoma wuƙa a ruwan zafi ki goge ta bushe bayan kowane yanka. Barbaɗa macca a kai sai daf da bayarwa, domin haske da danshi na dusashe korensa. A firij zai kai kwana uku, kuma ba ya jure zafi, shi ya sa kantunan can ke haɗa shi da 'yar ƙanƙara a leda.

In na kanti za ki saya, karanta jikin kwalin da kyau, ko ki tambayi mai shagon, saboda nama choko da yawa ana ɗiga masa giya don ƙamshi. Macca kuma yana da sinadarin hana barci, kada ki ba maigida guda biyar bayan Isha'i.