Hukuncin ɓoye dukiya a takardar bayyana kadarori

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Katsina, ina zaune a Ƙofar Marusa. An ba mu takardar bayyana kadarori mu cike, mu yi rantsuwa a kanta. Ina da fili biyu, ɗaya na saya da gumina, ɗaya kuma wani ɗan kwangila ya ba ni bayan na sa hannu a takardun biyansa. Abokan aiki sun ce in mayar da shi sunan ɗana ƙarami in yi shiru, wai dokar ta Turawa ce, kuma Musulunci ya koyar da rufin asiri. Ya halatta?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ɗan'uwa, shawarar da aka ba ka ba ta halatta ba, kuma tun kafin a zo maganar takarda akwai matsala a kan filin kansa.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ce wannan naku ne, wannan kuwa kyauta aka yi mini. Annabi ya hau mumbari ya tambaya me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Ka auna kanka da wannan: da ba kai ke riƙe da alƙalamin ba, da ɗan kwangilar ya neme ka? Idan ba zai neme ka ba, to kujerar aka bai wa filin, kujerar kuwa ta jama'a ce. Muslim ya ruwaito daga Adiyyu bin Amira cewa wanda aka ɗora a kan aiki ya ɓoye ko da allura, to gululu ne, wato ha'intar dukiyar jama'a, zai zo da shi ranar kiyama. Canza wa abin suna zuwa goro ko ihsani ba ya canza hukuncinsa, domin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya lissafa gaisuwa da ake kai wa masu mulki cikin ɓarnar da ya zarga a Kitabul Farƙ.

Cewa dokar ta Turawa ce, wannan rashin sanin tarihinmu ne, kuma yana yi mini ciwo in ji shi daga bakin Musulmi. Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar yakan rubuta abin da gwamna ya mallaka ranar da ya naɗa shi, in daga baya ya ga dukiyar ta yi ƙarin da ba a san tushensa ba sai ya raba ta, ya mayar da kaso baitulmali. Ya yi haka da Abu Huraira bayan ya riƙe Bahrain, ya kuma aika Muhammadu bin Maslama zuwa Masar wurin Amru bin Asi. Waɗannan sahabbai ne, amma darajarsu ba ta hana a lissafa su ba. Abin da ƙasashe suka taru a kansa a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da cin hanci a 2003, wadda Najeriya ta amince da ita a 2004, bai wuce wannan asali ba. A Indonesiya, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi, doka ta ba ma'aikaci kwana 30 na aiki ya kai rahoton kyautar da aka yi masa saboda muƙaminsa, in ya yi shiru a ɗauke ta a matsayin cin hanci. A gida kuma tsarin mulkin 1999 ya wajabta bayyana kadarori lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin barin aiki, har da na 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba kuma ba su yi aure ba, don haka sunan ɗanka ma bai fitar da filin daga lissafi ba. Mu Katsinawa mun ga marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bayyana nasa ga duniya a 2007, alhali doka ba ta tilasta masa shelantawa ba.

Umarnin shugaba a abin da ba saɓo ba, wanda kuma ke tsare dukiyar jama'a, binsa wajibi ne, kuma ka karɓi aikin ne bisa wannan sharaɗi. In ka rantse da Allah a kan takardar da ka san ƙarya ce, ka yi yaminul gamus, rantsuwar da ke dulmuya mai ita, wadda a mazhabarmu ta Malikiyya kaffara ba ta kankare ta, sai tuba da gyara abin da aka ɓata.

Game da rufin asiri da suka ce, hadisin neman biyan buƙata ta hanyar ɓoyewa, malaman hadisi sun yi saɓani kan ingancinsa, kuma ko an karɓe shi, magana yake a kan kauce wa mai hassada, bai shafi ɓoye wa mai hakkin bincike ba.

Filin da ka saya, rubuta shi ba fargaba. Na ɗan kwangila kuwa ka rabu da shi: ka sanar da hukuma a rubuce, domin malamai da dama sun ce irin wannan baitulmali ake mayar da shi, wasu kuma suka ce a mayar wa mai shi. In ka san aikin da ka sa wa hannu bai cika ba, gyara wannan shaidar ma yana wuyanka, domin kuɗin talakawa aka biya da ita. Wallahu a'alam.