Gajiya da aiki ba jari ba ce

Wani bawan Allah ya rubuto mini cewa shekararsa 12 yana tsaron kantin wani, kullum jiya i yau, har abin ya gundure shi. Ya karanta littafin labari na marubucin Ingila H. G. Wells, The History of Mr Polly, ya ga kamar shi aka zana. Yana so ya ajiye aiki ƙarshen wata, ya zuba duk abin da ya tara ya buɗe shagon kansa. Tambayarsa: wane kaya zai sara?

Malam, sau biyu na karanta wasiƙarka ina neman lamba ko guda, ban ga komai ba sai 12 ɗin nan. Ba kuɗin haya, ba yawan jari, ba cinikin da kake sa rai. Hakan ya tayar mini da hankali. Mutumin da ya shekara 12 a bayan kanta amma bai san kayan da zai sara ba, gangar jikinsa ce kawai ke wurin.

Littafin ma ka sake duba shi. A 1910 ya fito a Ingila. Polly yaron kantin yadi ne, mahaifinsa ya rasu ya bar masa ɗan gado, ya buɗe shago a wani gari mai suna Fishbourne. Shekara 15 ya yi a ciki yana karance-karance, bashi na taruwa, har ya kai ga cinna wa shagon wuta. Kwanciyar hankalin da ya samu daga baya, a wani masauki na bakin kogi ya same ta, yana yi wa wata mata aiki. Shagon kansa shi ne ya fi ƙuntata masa.

Na taɓa ba wani mai irin halinka shawara, bai ji ba. Wata goma bayan ya buɗe na leƙa shi, na tarar ya jera kwalaye fanko a saman kanta don kada a ga giɓi. Na ce ya kawo littafin ciniki. Shafi huɗu aka rubuta, sauran fari fat. Cefane daga aljihun shago, bashin abokai a ka. Ya ce rubutun ne ke gundurarsa, shi ya sa ma ya bar aiki. Jarinsa ya ci yana zaton riba ce.

Ga ɗan lissafi. A ce ribarka 15 cikin 100 ce. Kafin ka fitar da kwatankwacin albashinka, sai ka sayar da kaya na kusan ninkinsa bakwai duk wata, ba a zo kan haya da kayan da suka lalace ba. Kuma ranar da ba ka da lafiya, ba mai biyanka.

Kada ka ajiye aikin nan yanzu. Ka sayi littafi, wata uku kana rubuta abin da ka gani a kantin maigidanka: wane kaya ke fita, wanne ke kwana, kwana nawa kuɗi ke yi kafin ya juyo. Ka ware kuɗin riƙon gida na wata shida wanda ba zai shiga jari ba. In ka iya rubutun wata ukun ba fashi, ka aiko mini da lambobin, sai mu yi maganar kaya.