Na daina allurar suga ina jiran mutuwa a Makka, ina da laifi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni tsohuwa ce shekaruna sun haura 60, 'yar Mai Wurno ce ni ta ƙasar Sudan amma aure ya kai ni garin Madani a can na yi rayuwata. Da yaƙi ya shigo Madani aka kashe min babban ɗana a ƙofar gida, maigidana kuma ya rasu a hanyarmu ta Gadarif ko likkafanin kirki bamu samu ba. Yanzu ina Makka wajen ƙaramin ɗana ni da 'ya'yan babban ɗan nawa marigayi su biyu. Malam kullum in na je Harami aka ce assalatu alal amwat, wato kiran sallar gawa, sai in ji ina ma ni ce a makarar. Ina tambayar kaina wai me aka halicce mu mu yi, a haife ka ka sha wahala ka tara ka gina rana ɗaya a kwashe kuma ka mutu, duk wannan sama da ƙasa na meye? Wannan tunanin ya taɓa imanina? Kuma ya halatta in roƙi Allah ya ɗauki raina a nan? Ina da ciwon suga shekara 12 ina allura, sati uku kenan na daina, wata maƙwabciyarmu tace barin magani tawakkali ne kuma wanda ya mutu a Makka ya gama dacewa. Jikata ce ta rubuta min wannan ni ban iya waya ba.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah Hajiya. Allah ya jiƙan Alhaji da yaronki, ya sa sun huta, ya dawo da zaman lafiya Sudan.

Tambayoyinki duk na gani, amma abin da ya tsaya min a rai shine wanda kika sako can ƙarshe kamar ba komai ba, maganar allura. A nan hukuncin yake, zan zo kansa.

Imaninki na nan. Wanda imaninsa ya tafi baya sawa a rubuta wa malami yana tsoron ko ya taɓu. Sahabbai ma sun kai wa Annabi (SAW) kukan cewa suna jin abu a ransu da ba za su iya furtawa ba, yace wannan jin nauyin shine tsantsar imani. Kuma tambayar nan ba ke kika fara yinta ba, mala'iku sun riga ki, tun ba a busa wa Annabi Adamu rai ba suka ce ya Ubangiji za ka sa wanda zai yi ɓarna ya zubar da jini a cikinta? Kinga jinin da kika gani a ƙofar gidanki a Disambar 2023 shi suke nufi. Allah bai kore su ba, bai kuma yi musu dogon bayani ba, ce musu yayi na san abin da baku sani ba. Dan haka dalilin da yasa naki ɗan aka kashe ba na wata ba, wannan ilminsa na wajen Allah, duk wanda yace miki ya gano ki yi hattara dashi.

Ayar bauta ta cikin Zariyat, wadda tace ba a halicci aljanu da mutane ba sai dan su bauta wa Allah, kin santa tun kina makarantar allo, ba sai na maimaita ba. Wadda nake so ki riƙe ta farkon Tabara ce, Allah yace shi ya halicci mutuwa da rayuwa dan ya jarraba ku waye ya fi kyan aiki. Mutuwa aka fara ambata, kuma itama halittarta aka yi aka bata aikinta. Lissafin da kika yi na a tara a gina a mutu, inda a kabari magana take ƙarewa toh wallahi da kin yi gaskiya, da wanda ya harbi ɗanki da shi ɗan naki duk ɗaya ne, ƙasa ta cinye su shikenan. Wannan ne Allah ya kore a ƙarshen Suratul Muminun da yace kuna zaton da wasa muka halicce ku kuma ba za a dawo daku gare mu ba? Gidan Madani da aka kwashe dama ba tubalinsa aka rubuta miki ba Hajiya, abin da aka rubuta shine tuwo da kisirar da kika yi shekara da shekaru kina ciyar da mutane a cikinsa, da yaran da kika dinga tasa sallar asuba, da haƙurin da kika yi da miji, wannan kuwa babu mai bindigar da ya isa ya ɗora shi a bayan mota.

Ke da kike 'yar Mai Wurno ma ba sai an je da nisa ba. Mutanen da suka kafa garinku daga Burmi ta arewacin Najeriya suka taho bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, sun bar gida da gona da kaburburan iyayensu, irin abin da ya same ki. Bayansu wasu suka yi ta tahowa a ƙasa da niyyar hajji, a yi shekaru a hanya, in guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma ko tsinkar auduga a yankin Jazira na Sudan a tara a ci gaba, da yawa har suka mutu basu ga Ka'aba ba. Sun fi kowa sanin cewa su matafiya ne amma hakan bai hana su shuka dawa ba, bai hana su haƙa rijiya da aurar da 'ya'ya ba. Hadisin da yace ka zama a duniya kamar baƙo ko mai wucewa, fassararsa kenan a aikace.

Roƙon mutuwa saboda wata cuta da ta sauka an hana, wannan ba saɓani. Amma Annabi (SAW) ya san akwai ranar da zuciya take cika, sai ya bada mafita yace in ba makawa mutum yace Allahumma ahyini ma kanatil hayatu khairan li, wa tawaffani iza kanatil wafatu khairan li, wato Allah ka raya ni matuƙar rayuwa ce alheri gare ni ka ɗauke ni in mutuwa ce alheri. Wannan ki yi ta. Ki roƙi Allah in ajalin ya zo ya same ki a Makka ko Madina, shima ba laifi, Sayyadina Umar ya roƙi ya mutu a garin Manzo, amma wuri ya roƙa bai ce a gaggauta ba. Zancen wanda ya mutu a Makka ya gama dacewa kuwa, ruwayar da ake kawowa ta wanda ya mutu a ɗayan Haramai biyu malaman hadisi sun raunana ta, kuma Abu Lahabi ma a Makka aka rufe shi. A Muwaɗɗa Salmanu ya aika wa Abu Darda'i cewa ƙasa bata tsarkake kowa, aikin mutum ke tsarkake shi.

Toh yanzu allura. Maganar maƙwabciyarki ba daga iska ta ɗauko ta ba, shi yasa zan daɗe a kai. Akwai magabata da suka ga barin magani ya fi ga mai ƙarfin tawakkali, an ruwaito hakan daga Imamu Ahmad, kuma babbar hujjarsu hadisin baƙar matar nan mai farfaɗiya da Annabi (SAW) ya bata zaɓi, ko ta yi haƙuri ta samu Aljanna ko ya roƙa mata waraka, ta zaɓi haƙuri sai dai ta roƙi kar jikinta ya dinga buɗewa. Hadisi ne ingantacce amma ki duba shi da kyau. Ciwonta ba mai kashe ta bane in an bar shi, kuma abin da ta zaɓa shine ta RAYU da ciwon, ta kuwa rayu har Aɗa'u ɗan Abi Rabah wanda tabi'i ne yace ya ganta doguwa baƙa a jikin labulen Ka'aba, nan inda kike zuwa sallah. Ita tsawon haƙuri ta zaɓa, ke kuma so kike haƙurin ya ƙare da wuri, ina haɗinku?

Sannan maganin zamaninsu ƙaho ne da lalas da saiwoyi, a dace ko kar a dace, a kan irin wannan suka yi maganarsu. Insulin, wato maganin da ke cikin allurarki, sai a 1922 aka fara yiwa mutum a Kanada, kuma yau babu likitan da ke shakkar abin da zai faru da wanda jikinsa ke buƙatarsa ya bari. Ibn Taimiyya wanda shi kansa Hambali ne yace magani yana zama wajibi in an san da shi ne rai zai tsira, ya kwatanta da cin mushe ga wanda yunwa za ta kashe, kin san kuwa wanda ya ƙi ci har ya mutu ba a ce masa mai tawakkali. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen musulmi da ta zauna nan Jidda a 1992 itama abin da ta yanke kenan, magani wajibi ne in barinsa zai kai ga halaka ko rasa wata gaɓa.

Kuma ko duk wannan babu, niyya kaɗai ta raba ki dasu. Babu ɗaya cikin waɗanda suka bar magani da ya bari dan ya mutu, ke kuwa da bakinki kika haɗa barin allurar da son shiga makara. Dan haka a halinki barin allurar nan haramun ne Hajiya, ba tawakkali bane. Bance kin kashe kanki ba, ban kuma ce kin fita daga rahamar Allah ba, baƙin ciki ne ya rufe miki ido aka kuma baki gurguwar shawara, ki yi istigfari ki koma. Ita maƙwabciyar kar ki yi faɗa da ita, amma ki tambaye ta in jikanta ya kwana da zazzaɓi gida take zama ko asibiti take nufa.

Wani abu da ba a faɗa miki ba, suga ba kasafai yake ɗauke mutum cikin barci ba kamar yadda kike hasashe, ido yake fara ci da ƙoda da ƙafa, sai ki tsinci kanki a gado ana kai ki wankin ƙoda, ko Haramin ma sai an tura ki a keke. Kuma dan Allah kar ki ɗauko tsohon ma'aunin allurar ki caka da kanki bayan sati uku, ki sa ɗanki ya kai ki wajen likita yau ba gobe ba a auna ki tukun, in kina jin ƙishirwa mai tsanani da yawan fitsari ko amai ko jiri toh wannan na gaggawa ne. Ki faɗa masa gaskiya kin daina, na tabbata bai sani ba. Likitan ma ki faɗa masa bakya sha'awar rayuwa, kar ki ji kunya, ciwon damuwa ciwo ne kamar suga kuma yana da magani, wanda ya ga abin da kika gani ba abin mamaki bane ya kamu.

Kina ganin waɗanda suka riga ki sun fi ki dacewa. Ɗalha ɗan Ubaidullahi shima haka ya zata game da wasu mutum biyu da suka musulunta tare, ɗaya yayi shahada ɗayan ya ƙara shekara guda ya mutu a gadonsa, sai ya gani a mafarki na gadon ya riga shiga Aljanna, mutane suka yi ta mamaki, Annabi (SAW) yace ai ya ƙara shekara ya azumci Ramadan yayi salloli kaza da kaza. Shekara ɗaya fa. Ke kuma kina inda sallah ɗaya ta fi dubu 100 a wani wurin, kakanninki sun mutu a hanya suna nemansa basu iso ba. Jana'izar da ke tayar miki da hankali ki ci gaba da yi, akwai ƙiraɗi na lada a kowace, amma in kin ga tana ƙara miki tunanin sai ki ɗan rage zuwa, sallarki a ɗaki ma ta isa.

Sai yarinyar nan. Hajiya ita ta zauna ta rubuta da yatsunta cewa kakarta na fatan shiga makara, yarinyar da aka kashe mata uba, kuma ita za ta karanta miki amsar nan. Ke 'yata da kike karantawa, Allah ya miki albarka, baki yi laifi ba, kin kyauta da kika rubuta yadda aka faɗa miki baki rage komai ba. In kin gama ki kai wa baffanki wayar ya karanta da kansa, ko Hajiya ta hana ki kai, kice Malam ne ya aike ki.

Wallahu a'alam.