Tunkiya lafiyayya za ta iya kashe tumakin duwatsu?

Malam, ka tambaya ko tumakin gida da ba su nuna alamar ciwo za su iya sa wa tumakin dajin nan masu manyan ƙaho na duwatsun yammacin Amurka da Kanada cuta. Ƙwarai kuwa. Ƙwayar cutar Mycoplasma ovipneumoniae ce, tana zaune a hancin tumaki da awakin gida, sau da yawa ko tari ba sa yi. Idan ta shiga na daji sai ta kashe 'yan gashin da ke share hanyar numfashi, wasu ƙwayoyin irin su Pasteurella su gangara huhu, ciwon huhu ya kama garken babba da yaro. Haka aka gani a hunturun 2009 zuwa 2010 a jihohin Montana da Nebada da Washintan. Shinshinar hanci sau ɗaya ta isa, kuma ragunan daji kan yi doguwar tafiya lokacin barbara, wajen Nuwamba, su faɗa cikin garken gida su koma.

Abin da mutane ke mantawa shi ne bayan annobar. Wasu tumaki mata da suka tsira suna riƙe ƙwayar, duk bazara 'ya'yan da aka haifa sai su mutu cikin 'yan makonni, shekara da shekaru. Babu allurar rigakafi mai aiki a kansu, don haka raba na daji da na gida ne magani: shinge biyu da tazara tsakani, ɗaya ba ya hana haɗa hanci. A dajin Custer na Dakota ta Kudu sai da aka gwada majinar hanci, aka cire masu ɗauke da ƙwayar, sannan 'ya'yan suka fara rayuwa.